Mutumin da Ya Hana Mu Ƙofa

Benenmu yana kan kwana, daidai inda Titin Lale ya haɗu da Layin Kuyu, a nan birnin Bursa. Hawa biyar ne, babu lif. Ƙofar shigarsa Layin Kuyu take kallo, don haka duk wanda ke kwana a ciki, a wurin hukuma ɗan Layin Kuyu ne. Ƙofa ɗaya tak ke buɗewa ta Titin Lale, ita ce ta shagon Rustem Usta mai ɗinkin bargo. Usta muke ce wa gwanin sana'a, kamar yadda muke girmama namiji da Bey, mace da Hanim. Labarinsa zan ba ku, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba na ƙaunarsa, shi ma bai taɓa ɓoye cewa ba ya ƙaunata ba.

Daga wani ƙauye na kan duwatsun Trabzon aka kawo shi yana ƙarami, aka damƙa wa wani kawunsa mai wannan sana'a. A hannunsa ya koyi shiɓar auduga, da shimfiɗa ta cikin yadi, da zaman dirshan a kan dandamalin katako yana bin yadin satin da allura har fure ya fito. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba zan tauye shi ba. A da, babu yarinyar da za a kai ɗakinta a unguwar nan ba tare da bargonsa ba. Bakinsa ne abin gudu.

Mace za ta shigo ta taɓa yadi ta ce, "Usta, wannan jan bai yi ƙarfi ba kuwa?"

Ko kai ba zai ɗaga ba. "'Yarki za ta rufa ko ke, Hanim? In ke ce, akwai ruwan toka can ƙasa, na masu irin shekarunki."

Haka suke haɗiyewa su biya, don babu kamarsa. Daga baya bargon kamfani ya cika kasuwa, mara nauyi, mai shiga injin wanki. Ciniki ya ja baya. Matarsa ta rasu, ɗansa guda, Erdal, ya tafi Jamus aiki ya yi zamansa can. Wani in duniya ta yi masa haka sai ya yi laushi. Rustem ƙara tsami ya yi.

Rigimarmu da shi a kan rufin bene ta fara. Can yake hawa da ulu da audugar tsofaffin barguna, ya wanke ya shanya, ya sa sanda ya yi ta bugu. Ni da matata Nermin a hawa na biyar muke, rufin a bisa kanmu yake. Auduga a miya, auduga a shanya, auduga a hancin 'yarmu. Aka yi taron masu gida, aka ɗaga hannu, aka sa wa ƙofar rufin kwado. Ni na kawo maganar, kuma ko yau aka sake taron, hannuna ne zai fara tashi. Tun daga ranar, in na ce masa "Barka da asuba, Usta," sai ya dubi allurarsa ya ce, "Ƙuda ya shigo." Shekara da shekaru muna haka.

To, a saman Titin Lale akwai makarantar firamare ta gwamnati. Da can makaranta ce kamar kowace. Sai aka kawo wata shugaba mai zafin nama, yaran suka fara cin jarrabawa, labari ya bazu. Doka kuwa ita ce, yaro makarantar adireshinsa yake zuwa. Titin Lale na cikin rabon wannan makarantar. Layin Kuyu an haɗa shi da wata can bayan babbar hanya, inda ake cusa yara a aji har ba wurin juyawa, wasu da safe wasu da rana.

Kafin ka ce me, gidajen Titin Lale sun gagari talaka. Ma'aurata su zo da jariri a kafaɗa, kafin su tambayi ɗaki nawa ne, lambar ƙofa suke tambaya. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ɓera ma ke rainawa aka shafa musu fenti aka ba da haya. Wasu suka riƙa rubuta sunansu a gidajen dangi da abokai, har hukuma ta fara aiko mutane su ƙwanƙwasa su ce a nuna musu gadon yaron da takalmansa.

Ni ba ni da ɗan makaranta. Abin da nake da shi Nermin ce, da gwiwoyinta. Da farko ranar kasuwa kawai take sauka. Daga baya sai ranar ganin likita. Daga nan ta daina. Kwando take zurowa ta taga da igiya, mai kanti ya sa mata burodi da madara. Nufina in sayar da namu in saya mata wani a ƙasa, ko mai lif, ta riƙa taka ƙasa kamar sauran mutane. Sai na kira Tayfun dillali.

Ya hau yana haki, ya zagaya ɗakuna, ya leƙa taga.

"Nejdet Bey, gida kam gida ne. Ga haske, ga dutse a gabanka kamar hoto. Amma hawa na biyar, ba lif, kuma Layin Kuyu? Abin da zan samo maka ko ɗakin ajiye gawayi ba zai saya ba a inda kake so."

"Na Sabri mai gyaran agogo fa, can tsallake? Shi ma hawa na biyar ne, kuma namu ya fi nasa faɗi."

"Nasa ya tafi kusan ninkin naka, kuma sai da masu saye suka kusa dambe a ofishina. Shi Lale ne."

"Kai Tayfun, daga tagar nan ina jin ƙararrawar makarantar! Duk Litinin ina jin yaran suna taken ƙasa!"

"Kai kake ji, Yaya. Kwamfutar hukuma kurma ce, lambar ƙofa kawai take gani."

Nermin daga kan kujerarta ta ce, "To a juya gidan mana."

Na yi dariya. Tayfun bai yi ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Gida ba ya juyuwa, matar Yaya. Amma ƙofa tana juyuwa."

Shugabar masu gidan namu Gulten Hanim ce, tsohuwar ma'aikaciyar haraji, mace mai son abu ya tafi a kan tsari. Ita ta kawo injiniya. Ashe bangon da ke gindin matakalarmu shi ne bangon bayan shagon Rustem. A fasa shi, a yanki gefen shagon daidai wucewar mutum biyu, a kafa ƙofa ta Titin Lale, a toshe tsohuwar, hukumar gari ta ba mu sabuwar lamba. Shi ke nan, duk benen ya koma Lale. Rustem a ba shi tsohon zauren shiga a madadin abin da aka yanka, a ɗora masa da kuɗi. Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai kowane mai gida ya sa hannu. Da yamma ɗaya kowa ya sa, har waɗanda ba sa ga maciji da juna. Saura mutum ɗaya.

Mu uku muka je, ni da Gulten Hanim da Tayfun. Yana zaune a kan dandamali, tabarau a kan hanci.

"Sannu da aiki, Usta."

"Ku tsaya daga nan. Takalmanku."

Gulten Hanim ta yi bayani tiryan-tiryan, da ladabin da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Shi kuwa ɗinkinsa yake yi. Da ta gama sai ya sa haƙori ya tsinke zare.

"Kin gama? Dandamalin nan bargon mutum biyu yake ɗauka a shimfiɗe, daga bango zuwa bango. In kun yanke min gefe, a ina zan shimfiɗa? A kanki?"

"Ai za mu ba ka zauren, Usta. Ya ma fi abin da za a yanka girma."

"Zauren da rana ba ta san da shi ba? In zauna cikin duhu ina laluben allura?"

Na kasa haƙuri. "Yaushe rabonka da bargon mutum biyu, Rustem? Wa ke kawo maka aiki yanzu, in ban da tsofaffi masu gyaran matashi?"

Bai dube ni ba. Gulten Hanim ya duba. "Hanim, kin bar ƙofa a buɗe, ƙuda ya biyo ki."

Tayfun ya yi saurin shiga tsakani. "Baba, ka duba mana. In benen ya koma Lale, kowa ya ƙaru, har kai."

"Ni tuntuni a Lale nake, ɗana. Ku ne a Kuyu."

Muka fito.

Ana cikin haka azumi ya zo ƙarshe. Gulten Hanim ta hau har wurinmu, ta zauna tana sauke numfashi.

"Na gano bakin zaren. Maganar rufin nan ce ke cinsa. Ranar Sallah ba a ƙin sulhu, kuma shi ne babba a benen nan. Mu je dukanmu mu sumbaci hannunsa, mu mayar masa da makullinsa."

Na ce, "Ni? In sumbaci hannun Rustem? Shekara nawa ya ba ni?"

Nermin ta ce, "Nejdet, ni ko ƙafarsa ce zan sumbata, da zan iya sauka."

Sai na yarda.

Al'adarsa ce ranar Sallah ya buɗe shago bayan idi, ya sa kwat ya zauna, don ba kowa a gidansa. Muka jeru a bakin ƙofa kamar masu jiran burodi, maza da mata, da tiren kayan zaƙi na baklawa, da makullin rufi an ɗaura masa jan ƙyalle. Ya karɓe mu da fara'ar da ta ba ni tsoro. Ya zuba wa kowa turaren lemo a tafin hannu, ya zagaya da alewa. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sumbatar hannunsa ana ɗorawa a goshi. Da layi ya zo kaina sai ya sauke hannun har gwiwarsa.

"Ƙara sunkuyawa, Nejdet. Kafaɗata na ciwo."

Na sunkuya, da furfurata da komai, na sumbata. Warin man zafi yake yi.

Ya karɓi makulli, ya juya shi, ya jefa a aljihu. "Allah ya maimaita mana. Na yafe muku duka. Har kai."

Gulten Hanim ta fara buɗe jaka. "To Usta, tunda an zama ɗaya..."

"Haba Hanim! Takarda ranar Sallah? Ki ji kunya mana. A bari a gama shagali."

Muka koma sama muna murna. Nermin har ta fara zancen irin labulen da za ta sa a sabon gida.

Bayan Sallah Gulten Hanim ta koma masa da takardar. Ina tsaye a bayanta.

"Wace takarda kuma?"

"Ta ƙofa, Usta. Ai ka ce ka yafe."

"Na ce na yafe, ban ce na haukace ba. Sulhu daban, bango daban."

Washegari da hantsi muka ji tafiya a matakala, a hankali, ana tsayawa ana tari. Na buɗe ƙofa. Rustem ne da buhun ulu a bayansa. Mutumin da ba shi da aikin kirki, ban san inda ya samo ulun ba. Ya wuce ni ya buɗe rufi da makullin da muka kai masa da hannunmu, ya shanya, ya ɗauki sanda. Har azahar yana bugu a bisa kan Nermin. Tana zaune ta toshe kunne, ƙura na sauka ta taga.

Daga nan benen ya juya masa baya. Ba mai gaishe shi, ba mai aika masa da komai. Gulten Hanim ta kai ƙara cewa audugarsa na iya tayar da gobara. Masu dubawa na hukuma suka zo, suka ce ya sayi tukunyar kashe wuta. Ya saya, ya rataye ta a bakin ƙofa, duk wanda ya zo wucewa a cikinmu sai ya shafa ta ya ce, "Kyautar maƙwabta."

Tayfun ne ya zo da shawara ta ƙarshe. Ya rage murya kamar a gidan makoki.

"Yaya, mutumin nan ya tsufa. Kun ji tarin da yake yi. Magajinsa ɗaya ne. Me ya sa muke ta bugun bango, ga waya?"

Muka kira Erdal a Jamus. Yaron, wanda yake kirana Amja, wato baffa, bai ba mu wahala ba ko kaɗan.

"Nejdet Amja, ni me zan yi da shagon bargo? Ranar da ya zama nawa, ku fasa duk inda kuke so. Amma don Allah kada Baba ya ji."

Ni ban ga laifinmu a nan ba. Ba mu roƙa masa mutuwa ba, kuma ba wanda zai dawwama. Na hau na gaya wa Nermin ta ƙara haƙuri kaɗan.

Bakin dillali ne ya kashe mu. Tayfun ya kasa riƙe cikinsa, ya fara tallan wani gida na hawa na biyu yana ce wa masu saye, "Ku kama yanzu da araha, nan gaba kaɗan Lale ne." Wata rana wasu ma'aurata da ya kawo suka gama duba gidan, suka zagayo su ga inda ƙofar za ta fito. Suka shiga shagon. Mai shayin kan kwana yana ciki ya kawo wa Rustem shayinsa, shi ya ba mu labari, har da kwaikwayon murya.

Matar ta ce, "Sannu Baba. Nan ne za a fasa ƙofar? Dillali ya ce ɗan mai shagon ya riga ya yarda, tsohon kawai ake jira."

Mijin ya ce, "An ce jikin nasa ya yi nisa. Gaskiya ne? Don 'yarmu baɗi za ta shiga aji ɗaya."

Rustem ya cire tabarau ya goge. "Gaskiya ne, ɗana, yana gab da tafiya. Ku zauna. A ƙaro shayi biyu! Ku ba ni labarin tun daga farko, ina son in ji."

Bayan wannan shagon ya yi kwanaki a rufe. Aka ce an gan shi da kwat ya shiga mota zuwa cikin gari da sassafe. Muka ɗauka asibiti ne. Gulten Hanim ta tare ni a matakala ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," tana gyara fuska da ƙyar.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, liman ya ce jama'a su ɗan dakata.

"Ina da albishir. Ɗan'uwanmu Rustem Usta ya ba da shagonsa na Titin Lale wakafi ga wannan masallaci. Zai zauna a ciki iya rayuwarsa, bayansa kuɗin haya ya tafi ga wutar masallaci da karatun yara. Ya kafa sharaɗi, an kuma rubuta a hukumance: ba a sayarwa, ba a rabawa, ba a fasa bangonsa, ba a rage masa ko tafin hannu. Allah ya karɓa, ya sa a mizani."

Masallaci ya ɗauka, "Amin!"

Yana sahun gabana, a kan 'yar kujerar masu ciwon ƙafa. Ya waiwayo a hankali.

"Ban ji naka amin ba, Nejdet."

Mutane suka juyo suna kallona. Na ce amin.

Na jira kowa ya watse na sami liman a ɗakinsa. "Hoja, ka san halin da matata ke ciki. Yanki kaɗan muke nema, kuma za mu biya masallaci."

Ya dafa kafaɗata. "Nejdet Bey, na sani, Allah ya ba ta sauƙi. Amma abin da mutum ya ba Allah da sharaɗi, ni ba ni da ikon taɓawa. Wanda zai gaje ni ma ba shi da shi."

Tayfun ya daina ɗaga wayata. Mai gidan hawa na biyu ya sayar da nasa a wulaƙance ya tashi. Erdal ya kira ubansa suka yi ta ihu har ana ji daga titi, kuma tun daga nan bai sake zuwa hutu ba. Wato mutumin nan ya yarda ya rasa ɗansa, ya rasa shagonsa, don dai kada mu samu ƙofa. Wasu a unguwa suna cewa mai tsoron Allah ne. Su faɗa. Ni na san abin da ya kai shi ofishin wakafi.

Da na gaya wa Nermin ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in daina kawo mata zancen gida.

Cikin hunturun nan ciwon ya tsananta, likita ya ce lallai a kawo ta. Ni da mijin 'yarmu muka ɗaura ta a kujera muka sauko da ita, hawa bayan hawa, muna ajiyewa muna hutawa, tana riƙe da wuyana tana ba mu haƙuri. Muka fito ta Layin Kuyu. Layin ya yi wa mota ƙunci, don haka sai da muka zagaya kwana da ita cikin ƙanƙara zuwa Titin Lale, inda tasi ke jira, daidai ƙofar shagon. Muka ajiye kujerar kafin direba ya gyara wurin zama. Iska na kaɗawa, Nermin na rawar sanyi.

Sai ga Rustem ya fito yana jan ƙafa, da ɗan ƙaramin bargo shuɗi a hannu. Bai dube ni ba. Ya shimfiɗa mata a gwiwa.

"Ana sanyi, Nermin Hanim."

Ta dubi bargon, ta dube shi. Ta sa yatsa biyu ta ɗaga shi, ta sake shi a kan ƙanƙara.

"Ɗauke kayanka, Usta. Ka ba masallaci."

Muka sa ta a mota. Ta gilashin baya na ga ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya kakkaɓe. Da muka dawo da la'asar bargon na rataye a tagar shagon, an maƙala masa takardar farashi. Muka ɗauki kujerar muka zagaya kwana, muka fara hawa.